Saƙon Iddi

Kun sha jin ana cewa "saƙon Iddi" idan wani ya zo da labarin da kowa ya riga ya ji. Kai Fuseini har dambe ka yi a kan maganar a ƙofar makarantarku ta Lamashegu, ka dawo da riga a yage, na tambaye ka dalili ka ƙi faɗa. Na san dalilin. Iddin da ake nufi ni ne, kuma ba ƙarya aka yi mini ba. Abin ya faru. Sai dai masu ba da labarin suna tsayawa ne a inda dariya ta ƙare, ni kuwa daga nan nawa ya fara. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ina faɗa, 'yar'uwarku Rakiya tana rubutawa, na kuma gaya mata kada ta yi wa maganata ado.

A Zangon Kuka aka haife ni, ɗan zango ne a gefen wani ƙauyen Dagomba idan ka bi hanyar Salaga ka ratse. Kakanninmu fataken goro ne, suka gaji suka zauna. Ubana ya mutu a kudu wurin aikin gona. Wani direban lori ne ya zo da labarin. Ya hangi uwata tana hawowa daga dam da tulu a ka, ina goye a bayanta, sai ya leƙo ta taga ya faɗa mata, bai ko kashe mota ba. Ta faɗi a kan duwatsun bakin dam. Ba ta ƙara tashi da ƙafarta ba, kafin watan ya mutu ta bi mijinta. Tabon da kuke taɓawa a ƙeyata kuna yara, na ranar ne. Maƙwabciyarmu Mma Azara tana shayar da ɗanta Sumaila a lokacin, sai ta ɗauke ni ta haɗa mu. Nono ɗaya muka sha, akushi ɗaya muka ci. Sumaila ya rayu har ya mutu yana cewa ni na shanye rabonsa, shi ya sa ya fito gajere.

Ku da kuka tashi kuna murɗa famfo ba za ku gane ba. Ruwan dam muke sha, mu da shanu. Duk shekara sai kurkunu ya kwantar da rabin zangon daidai lokacin shuka. Ni ya fito mini a ƙafa biyu lokaci guda. Mma Azara ce take zama kullum da safe ta naɗe tsutsar a tsinke, kaɗan-kaɗan, don idan aka ja da ƙarfi ta tsinke a ciki, ƙafar ta ruɓe. Ina ihu tana zagina, hannunta bai taɓa rawa ba. Idan rana ta faɗi, aci-bal-bal ce, sai fitilar ƙwai ga mai hali. Mata suna daka tun asuba har hannu ya yi kanta. Labari kuwa ba ya tafiya sai da ƙafar mutum.

Mijinta, Baba Danlami, shi ne mai keke a zangon, shi ne kuma mai kai saƙo. Haihuwa, aure, rasuwa, duk shi ake aika zuwa Tamale da ƙauyukan da dangi suka bazu. Da gwiwarsa ta fara ciwo, ya dube mu mu biyu, ya ce Sumaila baki ne da shi, ya tafi ya koyi ɗinki. Ni ba na magana, sai ya ba ni keken. Ya ba ni shi da ƙa'idojinsa. Idan haihuwa ce, ka fara kaɗa ƙararrawa tun daga nesa, yara su biyo ka. Idan mutuwa ce, ka sauka tun kafin ka shiga gari, ka tura keken da hannu. Kada ka faɗa wa mutum yana tsaye. Kada ka faɗa masa da wuƙa ko taɓarya ko jariri a hannunsa. Kada ka faɗa wa mace tana ita kaɗai, ka fara biyawa ka ɗauko maƙwabciya ta zauna kusa da ita. Ka sha ruwan da aka ba ka, ka amsa gaisuwa duka, ko an tambaye ka lafiyar wanda ya mutu ka ce da godiya. Sannan ka ce jikin wane ya yi nauyi. Ka dakata. Idan ka ga numfashin mutum ya dawo, ka ajiye goro a gabansa ka ce sai haƙuri.

"Direban nan da ya kashe uwarka ba mugu ba ne," in ji Baba Danlami. "Sauri yake yi."

Da wannan aikin na ci, da shi na auri uwarku Adisa, da shi na kama ɗaki a unguwar Lamashegu cikin Tamale. Ba aikin arziki ba ne. A ba ka goro, a ba ka tuwo, wani ya ɗora maka doya a bayan keke. Amma duk gidan da na shiga ana shimfiɗa mini tabarma, kuma a duk shekarun da na yi, babu wanda ya faɗi a gabana. Da wannan nake taƙama, ban da shi ba ni da komai.

Famfo ne ya fara zuwa Zangon Kuka. Aka haƙa, ruwa ya fito fari tas, tsofaffi suka ce ba shi da ɗanɗano. Cikin 'yan shekaru kurkunu ya ɓace, yaran yanzu sai sun ga ƙafata suke yarda an taɓa yinsa. Injin niƙa ya biyo baya, turame suka koma wurin zama. Ban ƙi ko ɗaya ba, kada wani ya gaya muku na ƙi. Wanda ya sha ruwan dam ba ya zagin famfo. Sai aka kafa dogon ƙarfen waya a kan tudu, samarin da suka je kudu suka fara aiko wa iyayensu wayoyi. Aikena ya ragu. Haihuwa ce ta fara barina, na je da ƙararrawa na tarar har an raɗa wa yaro suna a bakin mata. Aure ya bi. Amma lantarki bai iso ba tukuna, wayoyin kuma suna mutuwa. Sai mutanen zangon suka samo mini sabon aiki. Su tara wayoyinsu a cikin wata jakar shinkafa, kowa ya ɗaura wa tasa tsumma don ya gane ta, in kawo su Tamale, shagon Sumaila a Moshi Zongo, a yi caji, washegari in mayar. Sumaila yana jera su a kan teburin yanka yana dariya.

"Ƙanena," yake cewa, "kai ne mutum na farko da na gani yana kai wa kura abinci don ta ji ƙarfin cinye shi."

Na ce masa ya ci gaba da ɗinkinsa. Ya ce zai saya mini tawa wayar. Na ce ya saya wa kansa tsawo.

A shekarar da nake ba ku labari, turakun wuta suka isa zangon tun kafin damina. Aka kunna ƙwan lantarki a ƙofar masallaci, aka sa firji a shagon wani yaro, har Mma Azara aka ja wa wuta ɗaki, jikarta Memunatu da ke zaune da ita tana cajin wayarta a gefen gado. Jakar shinkafa ta zama ta shinkafa. Na yi watanni ina fita da safe da keke, in zauna a shagon Sumaila, in dawo da yamma. Uwarku tana sayar da koko, da kokon nan kuka ci kuka yi makaranta a shekarar. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abu ɗaya take cewa idan ta ga ina goge keken: wai in bar shi ya huta, ya fi ni gajiya. Mutuwa kaɗai ta rage mini. Dattawa har lokacin suna jin nauyin faɗin rasuwa a waya, musamman ga tsoho. Kunya ce a ce mutum yana zaune yana jiran irin wannan aike, amma na zauna na jira.

Ran nan da safe, tsakiyar damina, Sumaila ya kife a kan kekensa na ɗinki. Ina wurin. Na ɗauka wasa ne irin nasa, na ce ya tashi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka dawo da shi gida, dattawa suka taru a rumfar masallacin unguwa, limamin, Afa Yakubu, ya ce za a yi sutura bayan azahar don hadari yana haɗuwa kuma zafi ya yi yawa. Babban ɗan Sumaila, Mutawakilu, ya ciro waya zai kira Memunatu. Na riƙe hannunsa.

"Uwa ba a gaya mata a waya," na ce.

Ya ce, Baba Iddi, lokaci. Ya ce idan an kira yanzu, akwai yaro mai moto, wato babur, a zangon, zai kawo ta ta ga fuskar ɗanta kafin a ɗaure likkafani. Na ce ni na san yadda aka kashe uwata. Na ce matar nan ta tsufa, idan ta ji a tsaye ta faɗi, gawa biyu za mu yi. Ban taɓa yin doguwar magana a gaban dattawa ba sai ranar. Wani ya ce to a ɗauke ni a moto. Na ce saƙon mutuwa ba ya shiga gari da ƙara. Afa Yakubu ya daɗe yana kallona. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro goro ya ba ni.

"Je ka, Iddi. Allah ya kai ka."

Daga baya na ji cewa ban ko fita layin ba Mutawakilu ya kira, liman kuma ya gyaɗa masa kai. Ban riƙe su a zuci ba. Sun ba ni goro don kada in ji kunya, sun kira don tsohuwa ta ga ɗanta. A ganinsu sun gyara duka biyun.

Hanyar da nake cinyewa ina saurayi kafin rana ta yi zafi, a ranar sai ta ƙi ƙarewa. A kan kwalta motoci da moto suna wuce ni kamar ina tsaye. Da na ratse, ruwan kwana biyu ya maida hanyar taɓo. Sarƙa ta zame, na mayar, ta sake zamewa. Rafi ya kawo, na ɗora keken a kafaɗa na tsallaka. Ina tafe ina shirya maganar a raina, don ban taɓa kai saƙon da ya shafe ni haka ba. Ban yi kuka ba. Na ce sai na sauke tukuna. Na ji kiran azahar daga lasifikar wani ƙauye ina cikin taɓo, na tsaya na yi salla a gindin ɗorawa, na ce a raina za su jira. Ai sun san na taho.

A wurin kukar da zangon ya samo suna na sauka na fara turawa. Mai injin niƙa ya kashe injinsa da ya gan ni. Matan da ke bakin famfo suka sunkuyar da kai. Ban yi mamaki ba, kowa ya san ma'anar Iddi yana tura keke. Na biya gidan maƙwabciya don in ɗauko ta kamar yadda aka koya mini, yara suka ce tana gidan Mma. Na shiga. An share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi. Ba wuta a murhu. Mata zaune a jere, kowa da mayafi. A ƙofar gida moto yana tsaye, hancinsa yana kallon hanyar Tamale, yaron yana zaune a kai. A gefen Mma Azara akwai ƙunshin kaya an ɗaure. Na ga duk wannan da idona. Shekara da shekaru aikina shi ne karanta tsakar gida kafin in buɗe baki, amma ranar na gani na ƙi ganewa.

Tana zaune a kan turmin da aka kife, hannunta ba komai. Ta ce a ba Iddi ruwa. Aka kawo na firji a kofi, na sha. Ta tambayi hanya, na ce lafiya. Ta tambayi Adisa, ta tambaye ku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Ta tambayi ruwan sama a gari. Sannan ta ce, ya Sumaila? Na ce da godiya. Wata mata a bayanta ta toshe baki da mayafi. Na gyara zama, na ce Mma, jikin Sumaila ya yi nauyi tun da safe. Na dakata kamar yadda ake yi, ina kallon numfashinta.

A cikin wannan shirun waya ta yi ƙara a ƙugun Memunatu. Yarinyar ta rikice, ta danna don ta kashe, sai ta buɗe. Mutanen zango a lasifika suke barin waya saboda tsofaffi. Muryar Mutawakilu ta cika gidan. Ya ce sun jira har hadari ya taso, liman ya ce ba a ƙara jira, yanzu suka dawo daga maƙabarta. Ya ce tun safe yake kira a kawo ta, me ya hana. Ya ce ko har yanzu tsohon bai iso ba ne.

Ba wanda ya motsa. Goron yana hannuna. Na dubi ƙunshin kayan, na dubi moto, na dubi tabarmin. Mma Azara ba ta kalli wayar ba.

"Kashe abin nan," ta ce wa Memunatu. "Iddi bai gama ba."

Ta juyo gare ni.

"Ka ce jikinsa ya yi nauyi. Ina jin ka."

Da ƙasa ta tsage da na shige. Amma tana jira, matan suna jira. Na ajiye goron a gabanta, na ce Mma, sai haƙuri, Sumaila ya riga mu. Ta ɗauki goron, ta ce daga Allah muke, gare shi za mu koma. Sai a lokacin ta fasa kuka, matan suka kama. Tun hantsi suke riƙe da kukan nan, ta hana kowa ya fara.

Memunatu ce ta ba ni sauran labarin a bayan ɗaki, tana kuka tana jin haushina, kuma tana da gaskiya. Da aka kira da safe, ta zaunar da kakarta ta gaya mata. Tsohuwa ta tambaya ko an aiko wani. Aka ce Baba Iddi ya taso da keke. Ta ce to ba a gaya mata ba tukuna. Mai moto ya zo, mata suka roƙe ta, dattawan zango suka roƙe ta, aka ce za ta haɗu da ni a hanya. Ta ce ba a karɓar irin wannan saƙo a gefen hanya. Aka ce a bar mini sallahu. Ta ce Iddi ba zai turo keke daga Tamale ya iske gida ba kowa, yara su gaya masa a ƙofa ba. Ta sa aka share gida, ta zauna.

Da la'asar aka ɗora ta a moto cikin ruwan sama aka kai ta Moshi Zongo zaman makoki. Ni na kwana a zangon, washegari na turo keken har gida, ban hau ba. Kafin a yi sadakar uku labarin ya zaga unguwar Zogbeli da kasuwa. A bakin masu shayi ya zama abin dariya: an binne mutum, an dawo, an ci abinci, Iddi yana can yana cewa jiki ya yi nauyi. Ban ga laifinsu ba, idan aka faɗe shi haka da ban dariya. Na jingine keken a bayan ɗaki, inda kuke shanya a kansa. Na sami gadi a wani gidan sayar da siminti, na yi shekaru a bakin ƙofa, ba mai tambayata komai. Ya dace da ni.

Zangon Kuka kuwa na daina zuwa. Salla ta zo ta wuce, na aika uwarku da ku. Wata sallar ma haka. Ba fushi nake ba. Idon Mma Azara ne ba zan iya kallo ba. Da ta zage ni a ranar, da ta ce Iddi ka hana ni ganin ɗana, da na ɗauka na san inda zan ajiye. Amma tausayina ta ji, a gaban mata, a ranar da ɗanta ya mutu. Wannan ne ya fi ƙarfina. Uwarku ta dawo daga wata ziyara ta gaya mini abin da ta gani. Akwai hoton Sumaila a wayar Memunatu, yana tsaye a ƙofar shago da tef a wuya. Kullum bayan sallar asuba tsohuwa takan ce a buɗe mata Sumaila, ta riƙe wayar da hannu biyu har hasken ya ɗauke, ta ce a sake kunnawa. Na ce wa uwarku ta isa haka. Na fita.

Mma Azara ce da kanta ta zo ta same ni. An kawo ta asibitin ido a gari, ta sa mai yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku, ya tsaya a ƙofar gidan siminti. Ba ta sauka ba. Na zo na durƙusa a gefen keken, ta shafa kaina har ta sami tabon.

"Kai ne ka mutu ko Sumaila?" ta ce. "Shi ina ganinsa kullum. Kai ne ba na gani."

Na ce Mma, me ya sa ba ki hau moton ba.

"Da na hau da na gan shi," ta ce. "Kada ka ɗauka ban so ba. Har yau ina so. Amma shi ya riga ya tafi. Kai ne kake cikin taɓo."

Ta ce biyu ta shayar, ba ɗaya ba, kuma in daina sa ta biyan kuɗin yalo-yalo don ta ga ƙeyata. Ta ce wa direban su tafi. Maganar ba ta sauke mini komai ba, ƙara mini ta yi. Amma daga ranar na koma zuwa, duk Juma'ar da ba ni da aiki, a motar haya. Mu zauna, ta yi magana, in saurara. Zangon ya zama wani wuri. Talabijin a kowane gida, yara ba sa fita dandali, dam ya zama na shanu su kaɗai, mata suna sayar da ƙanƙara. Idan mace ta fara naƙuda a kira mota ta zo. Mutane sun daina mutuwar banza irin ta da, wannan gaskiya ce, ni shaida ne.

Kin tuna, Rakiya, wayar da kika saya mini da albashinki na fari, na sa ta a ƙarƙashin katifa, kika yi fushi kika ce raina kyautarki na yi. Ba raini ba ne. Duk lokacin da abin ya yi ƙara, muryar Mutawakilu nake ji. Uwarku ce take yi mata caji tana ɗauka. Ita ce ta ɗauka a safiyar da nake nufi, ina tsakar gida ina fasa itace. Ta miƙo mini ta ce Memunatu ce, kuma ta ce sai ni. Na karɓa da hagu, gatari yana dama.

"Baba Iddi, kana zaune?"

Na ce a'a.

"Ka zauna. Me ke hannunka?"

Na ce gatari. Ta ce in ajiye. Ta tambaya ko Mma Adisa tana kusa da ni, ta ce ta matso. Na zauna a kan itacen, uwarku ta dafa kafaɗata. Yarinyar ta tambayi kwanana, ta tambaye ku, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce jikin Mma ya yi nauyi. Ta dakata. Na ji numfashinta a cikin wayar tana sauraron nawa. Da ta ce sai haƙuri, ta ƙara da cewa tsohuwa ce ta koya mata tun watanni, ta sa ta maimaita har ta iya, kuma ta ce a kira ni tun jikinta da ɗumi, kada a aiki kowa.

Kai Fuseini ka ɗauke ni a motonka. Shi ne karo na farko da na hau. Ka tuna na ce ka ƙara wuta, ka waiwayo ka dube ni. Muka shiga zangon da ƙara, ta gaban kuka, ta gaban famfo, ban ce ka tsaya ba. Mun iske ana ɗinka likkafani. Matan suka matsa mini, Memunatu ta ɗaga mayafin, na ga fuskarta. Na daɗe ina kallo, ba wanda ya ce in yi sauri.

Keken yana nan a bayan ɗaki, duk mai so ya ɗauka. Ranar da tawa ta zo, wayar tana ƙarƙashin katifa, lambar Memunatu ce ta farko. Ku kira ta kafin ku kira kowa, ku fara tambayarta ko tana zaune.